Yadda Ake Ware Isasshen Lokacin Sauya Jirgi a Babban Filin Jirgin Sama

Tazarar da ake gani a kan tikiti tsakanin saukar jirgi na farko da tashin na biyu ba dukkanta ce take hannun matafiyi ba. Idan tikiti ya nuna za a sauka ƙarfe 2:00 na rana a sake tashi ƙarfe 3:30, mutum zai ɗauka yana da minti 90, alhali abin da zai rage masa na tafiya da bin layi da wuya ya wuce minti 55. Wannan giɓin ne yake sa jirgi ya tashi ya bar mutanen da ba su yi sakaci ba, ba su kuma tsaya ko'ina a hanya ba. Saboda haka lissafin lokacin sauya jirgi aiki ne da ake yi kafin a biya kuɗin tikiti, domin da zarar an sauka a filin jirgin, abin da ya rage wa fasinja ya iya gyarawa kaɗan ne ƙwarai.

A fara da abin da ake yankewa daga farko da ƙarshen tazarar. Lokacin sauka da kamfani yake rubutawa shi ne lokacin da ake sa ran jirgi ya tsaya cak a mazauninsa, ba lokacin da fasinja zai taka ƙasa ba. Jirgin doguwar tafiya yakan ɗauki mutum 300 ko fiye, samfurin A380 kuma a wasu kamfanoni yana ɗaukar kusan 500, don haka wanda kujerarsa take can baya yana iya shafe minti 15 zuwa 20 kafin ya kai bakin ƙofa. Idan kuma jirgin bai samu gurbi a jikin gini ba, aka ajiye shi nesa, sai an jira motar da za ta kwashi fasinjoji ta cika sannan ta tashi. A ɗaya ɓangaren, yawancin kamfanoni suna rufe ƙofar shiga jirgi minti 15 zuwa 20 kafin lokacin tashi, kuma wanda ya iso bayan an rufe ba a buɗe masa, ko da yana hango jirgin ta tagar gilashi. Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: a tsarin ƙididdigar sufurin jiragen sama, jirgin da ya makara da ƙasa da minti 15 ana lissafa shi cikin waɗanda suka iso a kan lokaci. Ke nan tazarar minti 90 tana iya komawa minti 40 ba tare da kamfani ya ga an samu wani jinkiri ba.

Mafi ƙarancin lokacin da kamfanoni suke amincewa da shi

Kowane babban filin jirgi yana da mafi ƙarancin lokacin sauya jirgi, wanda ake taƙaitawa da haruffan MCT, kuma yakan bambanta gwargwadon irin tafiyar: daga jirgin cikin gida zuwa na cikin gida, daga na ƙetare zuwa na cikin gida, ko daga wannan tasha ta filin zuwa waccan. Kamfanoni ma sukan sa nasu adadin a filayen da suka mayar cibiyarsu. Na'urorin sayar da tikiti ba sa haɗa jirage biyu a tikiti ɗaya idan tazararsu ta gaza wannan adadi, kuma wannan kariya ce mai amfani. Sai dai ya kamata a fahimci ma'anarsa da kyau. Adadin yana nuna lokacin da mai cikakkiyar lafiya, wanda ya san inda ya dosa, zai iya kaiwa ga jirginsa idan komai ya tafi daidai. Kamfani yana da dalilin matse shi, domin tafiyar da ta fi gajarta ita ce take fitowa a sama idan ana neman tikiti a intanet, kuma ya riga ya sa a lissafinsa cewa wasu kaɗan daga cikin fasinjojin ba za su riski jirginsu ba. A ganina, wanda ya ga an sayar masa da tazarar minti 60 a babban fili bai kamata ya ɗauke ta a matsayin shawarar kamfani ba, iyaka ce kawai wadda ba a yarda a yi ƙasa da ita ba.

Tikiti ɗaya ne ko biyu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, domin amsarta ce take nuna wanda asara za ta hau kansa idan aka rasa jirgi. Idan dukkan tafiyar tana kan tikiti ɗaya, kamfanin ya ɗauki alkawarin kai fasinja har zangonsa na ƙarshe. Jirgin farko ya makara, na biyu ya tashi, to nauyin kamfani ne ya sama masa gurbi a jirgi na gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma galibi kayansa suna wucewa daga jirgi zuwa jirgi ba sai ya taɓa su ba. Haka abin yake ko da kamfanoni biyu ne suka raba tafiyar, muddin suna da yarjejeniya a tsakaninsu, kamar yadda ake samu a manyan ƙawancen kamfanonin jirage uku, wato Star Alliance da oneworld da SkyTeam.

Idan kuwa tikiti biyu ne daban-daban, kamfani na biyu babu ruwansa da abin da ya sami jirgin farko. A wurinsa fasinja ne kawai bai zo ba, kuma a ƙa'idar yawancin kamfanoni, wanda bai shiga wani zango na tikitinsa ba ana soke sauran zangunan da suka biyo baya, har da na dawowa. Mutum zai tarar da kansa yana neman sabon tikiti a ranar tafiya, lokacin da kujeru suka fi tsada. Ga kuma ƙarin aiki: dole ya bi ta shige da fice ya shiga ƙasar, ya jira akwatinsa, ya kai shi wurin awo na kamfani na biyu kafin a rufe, wanda a tafiyar ƙetare yakan kasance kimanin minti 60 kafin tashi, sannan ya sake bin layin bincike daga farko. Wasu shafukan sayar da tikiti suna haɗa irin waɗannan jirage biyu su nuna su tamkar tafiya ɗaya saboda kuɗin ya yi ƙasa, kuma a nan ne maganar Hausawa cewa araha ba ta ado take tabbata. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. A duba lambar tikiti, wadda take da alƙaluma 13: idan lamba ɗaya ce ta ɗauki dukkan zangunan, tikiti ɗaya ne. Idan shafin ya rubuta cewa fasinja ne zai ɗauki kayansa ya sake ba da su a hanya, ko kuwa aka aiko da lambobin ajiyar kujera daban-daban daga kamfanonin da ba su da alaƙa, to a tambayi mai sayarwa ƙarara kafin a biya.

Shingayen da ke tsakanin jirgi da jirgi

Bayan an san irin tikitin, sai a ƙirga shingayen da za a ƙetare, domin kowane ɗaya layi ne, kuma ba wanda zai iya faɗin tsawonsa tun daga gida. Shinge na farko shi ne binciken tsaro. A filaye da yawa, ciki har da Heathrow na Landan da Dubai, fasinjan da ya sauka daga jirgin ƙetare yakan sake bi ta na'urar bincike ko da ba zai fita daga ginin ba. A yawancin filaye ƙa'idar ruwa-ruwa ta mililita 100 tana nan, don haka turare ko wani abin ruwa da aka saya a filin farko a bar shi cikin ledarsa da aka liƙe tare da rasit, in ba haka ba a ƙwace shi, a kuma ɓata lokaci wajen buɗe jaka.

Shinge na biyu shi ne shige da fice, kuma a nan ƙasashe sun sha bamban ƙwarai. Amurka ba ta da tsarin da fasinja zai wuce ta filin jirginta ba tare da ya shiga ƙasar ba. Wanda zai bi ta Atlanta ko New York zuwa wata ƙasa dabam sai ya mallaki biza ko izinin shiga, ya tsaya gaban jami'in shige da fice a filin da ya fara sauka, kuma a mafi yawan lokuta ya ɗauki akwatinsa ya wuce da shi ta kwastan, ya mayar da shi, sannan ya sake bin binciken tsaro. Idan manyan jirage uku ko huɗu suka sauka a tare, layin fasfo kaɗai yana iya cin fiye da awa ɗaya.

A Turai kuwa, ƙasashe 29 na yankin Schengen suna da iyaka ɗaya ta waje. Wanda zai je Madrid ta Frankfurt, a Frankfurt za a duba fasfonsa, domin jirgin da zai ɗauke shi daga Jamus zuwa Sifaniya tamkar na cikin gida ne. Tun daga watan Oktoba na 2025 yankin ya fara amfani da sabon tsarin rajistar shiga da fita, inda ake ɗaukar hoton fuska da zanen yatsun baƙi, kuma rajistar farko tana ɗaukar lokaci fiye da buga hatimi. Wanda yake wucewa daga wata ƙasa ta waje zuwa wata ta waje, misali ta Paris zuwa Kanada, ba ya bin wannan layi, amma wannan bai raba shi da maganar biza ba. 'Yan ƙasashe 12, ciki har da Najeriya da Ghana da Habasha da Pakistan da Bangladesh, suna buƙatar bizar wucewa ta filin jirgi a duk yankin, sai dai idan suna riƙe da wasu takardu da aka keɓe, kamar ingantacciyar bizar Amurka ko Kanada ko Japan. Haka kuma wanda tafiyarsa ta ƙunshi sauka biyu a cikin yankin, a ce Paris sannan Amsterdam kafin ya fita, ya shiga yankin ke nan, kuma cikakkiyar biza yake buƙata. Birtaniya tana da nata tsarin dabam, da biza ta wanda ba zai bar cikin fili ba da kuma ta wanda zai bi ta shige da fice. Na tsaya a kan wannan batu ne domin duk yawan awannin da mutum ya ware ba za su amfane shi ba idan aka hana shi shiga jirgi tun a filin farko saboda rashin bizar wucewa. A duba shafin ofishin jakadancin ƙasar da za a ya da zango a cikinta, a kuma tabbatar daga kamfanin jirgin.

Shinge na uku shi ne girman filin kansa. Dubai ta karɓi fasinjoji fiye da miliyan 92 a 2024, Heathrow kusan miliyan 84, Atlanta kuma fiye da miliyan 100, kuma wurin da yake ɗaukar irin wannan jama'a ba a ƙetare shi cikin minti biyar. Heathrow tana da tashoshi huɗu masu aiki, 2 da 3 da 4 da 5, ana zirga-zirga tsakaninsu da mota, kuma Tasha ta 5 kanta tana da ƙarin gine-gine biyu da ake zuwa da jirgin ƙasa. A filin Charles de Gaulle na Paris, Tasha ta 2 ta rabu daga 2A har zuwa 2G, kuma 2G tana can gefe sai da mota. A Dubai, Tasha ta 2 tana ɗaya gefen titin jirage, nesa da 1 da 3. Sabon filin Santambul, wanda aka buɗe a 2018, gini ɗaya ne, amma girmansa ya isa a yi tafiyar minti 20 a ƙafa daga wata ƙofa zuwa wata. Mafi haɗari shi ne tikitin da yake sauya fili gaba ɗaya. Landan tana da Heathrow da Gatwick, tsakaninsu fiye da kilomita 60. Paris tana da Charles de Gaulle da Orly. Santambul tana da babban filin a ɓangaren Turai da Sabiha Gökçen a ɓangaren Asiya. A kula da haruffa uku da suke wakiltar kowane fili a kan tikiti: idan an sauka a LHR (Heathrow) amma tashi daga LGW (Gatwick) ne, akwai biza da ɗaukar kaya da cunkoson hanya a tsakani.

To, awa nawa?

Ga abin da nake ganin ya dace, kuma ra'ayi ne da aka gina a kan shingayen da aka ambata. A tikiti ɗaya, idan ba a bin shige da fice kuma ba a sauya tasha, awa 2 sun wadatar a babban fili. Idan akwai duba fasfo ko sauya tasha, a nemi awa 3. Saukar farko a Amurka tana son awa 3 zuwa 4. Mai tikiti biyu kada ya yi ƙasa da awa 4 zuwa 5, kuma idan jirgi na biyu shi ne mai nisa da tsada, kwana a garin ya fi masa kwanciyar hankali. Sauya fili a gari ɗaya yana buƙatar awa 5 zuwa 6.

Waɗannan adadi suna ƙaruwa ko raguwa da tambaya guda: idan wannan jirgi ya wuce, yaushe ne na gaba? Hanyar da jirage suke bi sau takwas a rana tana jure tazara gajera, domin abin da za a rasa awa biyu ne kawai. Hanyar da ake bi sau ɗaya a rana, ko sau uku a mako, kuskure a cikinta yana cin kwana ɗaya ko biyu, kuma a lokutan hutu jirgi na gaba ma yana iya kasancewa cike. Jirgin ƙarshe na dare yana da irin wannan matsala, musamman a filaye kamar Frankfurt inda aka hana tashi da sauka daga ƙarfe 11:00 na dare zuwa 5:00 na asuba. Jiragen safe sun fi tashi a kan lokaci, saboda jinkiri taruwa yake yi yayin da jirgi ɗaya yake kai da kawowa cikin yini. Yanayi ma yana da nasa tasiri: ƙanƙara da wanke fikafikan jirgi a hunturun Turai da Arewacin Amurka, hadari da tsawa da rana a lokacin zafinsu, da hazo mai kauri a Delhi cikin Disamba da Janairu.

Mai tafiya da ƙananan yara ko tsofaffi ya ƙara aƙalla awa ɗaya. Wanda yake buƙatar keken guragu ya sanar da kamfani awa 48 kafin tafiya, ya kuma sani cewa galibi sai sauran fasinjoji sun gama fita sannan ake fito da shi. Akwai kuma maganar kaya, wadda ake yawan mantawa da ita: mutum yana iya gudu ya riski jirgi, akwatinsa bai riska ba, kuma wurin sauya jirgi ne kaya suka fi ɓacewa ko makara. Magunguna da takardu da tufafin kwana ɗaya su kasance a jakar hannu.

A ranar tafiya

Tun a filin farko a nemi katin shiga jirgi na dukkan zangunan, a kuma karanta takardar da aka liƙa wa akwati a tabbatar haruffan da ke kanta na filin ƙarshe ne, a adana ɗan rasit ɗinta. Idan tazarar gajera ce, a zaɓi kujera ta gaba kusa da hanya. A sauke manhajar kamfanin a waya, domin sau da yawa takan riga allon sanarwa nuna sauyin ƙofa, a kuma tuna cewa duk lokutan da ke kan tikiti agogon garin da filin yake ne. Da an fito daga jirgi, a duba allo a tabbatar da lambar ƙofa, domin wadda aka buga a kati awanni goma da suka wuce tana iya canzawa. A bi alamun masu sauya jirgi, waɗanda galibi ake rubuta musu "Transfer" ko "Connections", kada a bi ayarin masu fita zuwa wurin ɗaukar kaya, domin wanda ya fita ta wannan ƙofa ba ya iya komawa sai ta sabon bincike. A isa ƙofar jirgi tukuna, a gan ta da ido, sannan a nemi abinci ko wurin hutawa. Idan lokaci ya ƙure ana cikin layi, a nuna wa ma'aikaci katin shiga jirgi cikin ladabi, domin filaye da yawa suna da layi na musamman na masu gajeriyar tazara.

Idan duk da haka jirgin ya tashi, mai tikiti ɗaya ya nufi teburin masu sauya jirgi na kamfanin nan take, yana kuma duba manhaja a kan hanya, saboda sau da yawa na'ura ta riga ta mayar da shi wani jirgin. Kada ya sayi sabon tikiti da kansa kafin ya yi magana da kamfani, kada kuma ya fita daga filin. Ya tambayi inda akwatinsa yake, ya nemi a rubuta masa dalilin jinkirin, ya adana katunan shiga jirgi da rasit na duk abin da ya kashe. A tafiyar da ta tashi daga Tarayyar Turai, ko ta nufi can a jirgin kamfanin Turai, doka mai lamba 261 ta shekarar 2004 ta wajabta wa kamfani ciyar da fasinja da ba shi masauki idan jira ya kai ga kwana, tare da diyyar Yuro 250 ko 400 ko 600 gwargwadon nisan tafiya idan ya isa zangonsa na ƙarshe da jinkirin awa 3 ko fiye. Ba a biyan diyyar idan dalilin ya fi ƙarfin kamfani, kamar mummunan yanayi, amma ciyarwa da masauki suna nan. A 2013 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a kan ƙarar wata fasinja da ta tashi daga Bremen zuwa Asunción ta Paris da São Paulo, wadda jirginta na farko ya makara da kimanin awa biyu da rabi, ta rasa na gaba, ta isa da jinkirin awa 11. Kotun ta ce jinkirin isa zangon ƙarshe ne abin dubawa, ba na tashin farko ba. Idan kuma mutum ya isa amma akwatinsa bai iso ba, ya cike takardar rahoto a teburin kaya kafin ya bar filin, domin Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ba shi kwana 21 daga ranar da aka miƙa masa kayan ya shigar da ƙorafin jinkiri a rubuce, kwana 7 kuma idan kayan sun lalace.